Laifin Ba na Ƙugiya Ba Ne

Akwai wata ƙa'ida da kusan duk mai sana'ar rubuta manhaja ya gada ba tare da ya nemi hujja ba: in za ka raɗa wa folda suna, kada ka sa komai sai baƙaƙen Turanci da lambobi. Haka aka karantar da mu a jami'a, haka muka tarar a wuraren aiki, haka kuma ake gaya wa duk yaron da ya zo koyo. Saboda wannan ƙa'ida ce foldar waƙoƙi take komawa wakoki, ta ɗalibai ta koma dalibai, ta ɓangaren kuɗi ta koma bangaren-kudi. In aka tambayi dalili, amsar ɗaya ce, wai intanet ba ta son su. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta yi wa abubuwa biyu mabambanta kuɗin goro. Akwai alamomin da ke kashe adireshi da gaske, akwai kuma haruffan da iyakar abin da suke yi shi ne su ƙara masa tsawo. Ƙ da ɗ da ɓ suna cikin kashi na biyu, amma su suka fi shan hukunci.

Ba kowa ya lura da yadda sunan folda ke shiga adireshi ba. In aka turo maka mahaɗi ta WhatsApp, ka dube shi da kyau. Bayan sunan gidan, wanda yakan ƙare da .com ko .ng ko .ne, za ka ga kalmomi a jere, wata sanda karkatacciya, wato /, tana raba su. A asalin tsarin, kuma har yau a wurare da yawa, waɗannan kalmomi sunayen folda ne na haƙiƙa a cikin wata kwamfuta da ke kunne dare da rana, wadda muke kira saba. Idan ka ga /littattafai/tarihi/kano.pdf, kwatance ne irin wanda ake yi wa baƙo: ka shiga unguwar littattafai, ka bi layin tarihi, ga gidan nan. Ke nan duk ma'aikaciyar ofis da ta buɗe sabuwar folda ta sa mata suna, tana iya yiwuwa wani yanki na adireshin intanet take rubutawa ba ta sani ba, muddin wata rana za a ɗora foldar kan saba.

Wanda ya zana wannan tsari shi ne Tim Berners-Lee, Baturen Ingila, lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Geneva, tsakanin 1989 da 1991. An rubuta dokokin adireshin a wata takarda mai lamba RFC 1738 a watan Disamba na 1994, aka sabunta su a Janairun 2005 a RFC 3986, wadda har yau ita ce madogara. Duka biyun sun tsaya ne a kan wani tsohon jadawalin haruffa mai suna ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963. Gurbi 128 kacal gare shi. A cikinsu, guda 66 ne kawai dokar ta ce 'yantattu ne, su shiga adireshi a ko'ina ba tare da an tambaye su ba: manyan baƙaƙen Turanci 26, ƙanana 26, lambobi 10, sai ɗigo da karan ɗori da karan ƙasa da ɗan lanƙwasasshen layin nan ~. Sauran kuwa, ko dai an hana su shiga da fuskarsu, ko kuma an ba su aiki. Masu aikin nan su ne abin tsoro, domin in ka sa ɗayansu a sunan folda don ado, shi bai san ado ba, aikinsa zai kama.

Tazara ce ta fi kowa yawan ɓarna, saboda ita ce kowa ke sawa. Wa zai rubuta Hotunan Biki a manne? Amma saƙon da burawuza ke aika wa saba layi ne mai sassa uku: abin da take so a yi, adireshin, da nau'in yaren da suke magana da shi, kuma tazara ce ke raba sassan. In tazara ta faɗo tsakiyar adireshi, saba za ta ɗauka adireshin ya ƙare. Don haka aka samar da dabara: duk harafin da ba zai shiga da fuskarsa ba, sai a rubuta lambarsa, a sa masa alamar % a gaba. Tazara ita ce ta 32 a jadawalin ASCII. Kwamfuta tana son ƙirga da sha shida-sha shida maimakon goma-goma, kuma 32 sha shida biyu ne ba saura, sai a rubuta 20. Daga nan %20 ɗin da kowa ya sha gani ya samo asali. Burawuza takan yi wannan canji da kanta, shi ya sa sau da yawa ba a jin komai. Amma ka kwafi adireshi mai tazara tsirara ka liƙa a WhatsApp, za ka ga shuɗin ya tsaya a ƙarshen kalmar farko, sauran ya zama baƙin rubutu. Wanda ya taɓa shuɗin zai isa bakin layi ne kawai, ba gidan ba.

Sai #, wadda muke rufe lambar duba kuɗin waya da ita. Ita ta fi tazara mugunta, don ba ta barin shaida. A adireshi, aikinta shi ne ta nuna wani wuri a cikin shafin da aka riga aka buɗe, kamar a ce sakin layi na biyar. Tunda wannan magana ce tsakanin mai karatu da burawuzarsa, duk abin da ya biyo bayan # ba a aika shi ga saba kwata-kwata.

Mun taɓa riƙe wa wata makarantar sakandare shafinta. Ƙarshen zango ya zo, sakatariya ta shirya sakamakon jarrabawa aji-aji, ta sa wa foldoji suna Aji#1, Aji#2, Aji#3, ta ɗora, aka tura wa iyaye mahaɗi. Kafin la'asar shugaban makarantar ya kira ɗayanmu. Ya ce, "Injiniya, iyayen yara sun hana mu sakat da waya. Kowa ya ce abin ba ya buɗewa, alhali ga shi nan a kwamfutar ofis yana buɗewa lafiya lau." Duk ɓangarorin gaskiya suka faɗa. A kwamfutar ofis folda ce kawai, a danna ta buɗe. A wayar uba kuwa, adireshin /sakamako/Aji#3/jeri.pdf yana barin wayar ne a matsayin /sakamako/Aji, saba ta duba ba ta ga wani abu mai wannan suna ba, ta mayar da 404, lambar da ke nufin ba a samu ba. Da muka buɗe littafin da saba ke rubuta baƙinta a ciki, layi ne bayan layi na mutane masu neman wani abu wai shi Aji. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba, an mayar da sunayen aji-1, aji-2, aji-3. Amma wasu iyayen sun riga sun biya kuɗin mota sun taho makaranta, wani kuma ya riga ya yanke cewa an riƙe sakamakon ɗansa ne saboda ragowar kuɗin makaranta.

Sakatariyar ba ta yi laifin komai ba. Ta rubuta suna, Windows ta karɓa. Alamomi tara Windows ke ƙi a sunan folda, su ne \ / : * ? " < > |, kuma babu # a ciki, babu %, babu &, babu tazara. Linux, wadda yawancin sabobin duniya ke aiki da ita, ta fi ma sassauci: a duk abin da madannai ke iya bugawa, sanda karkatacciya kaɗai take hanawa. Jerin abin da kwamfuta ke ƙi daban, jerin abin da adireshi ke ƙi daban, an tsara su a lokuta daban don buƙatu daban, kuma babu wanda ke tsayawa a tsakani ya gargaɗi mai rubutu.

Alamar tambaya tana raba adireshi gida biyu, abin da ya biyo ta ya zama tambayar da ake yi wa saba. A cikin wannan ɓangaren tambayar, & tana raba bayani da bayani, + kuma takan zama tazara, alhali kafin alamar tambaya + ɗin nan + ce kawai. Foldar da aka kira Aji 3&4 za ta zauna lafiya shekara guda, ranar da wata manhaja ta sa sunanta a bayan alamar tambaya ba tare da ta sauya shi ba, sai ya tsinke a kan 3.

Ita kanta % ɗin da aka ɗauka aikin ceto, ita ma tana da nata. Duk inda saba ta gan ta, tana sa ran alamomi biyu na lissafin sha shida su biyo baya, wato 0 zuwa 9 ko a zuwa f. Ɗan kasuwa ya kira folda ragi50%, saba ta ga % ba kowa a bayanta, sai ta ce saƙon gurɓatacce ne, ta ba da 400. Wannan ma da sauƙi, an dai san an faɗi. Abin dariyar shi ne Hausa cike take da gaɓoɓin da suka yi daidai da lissafin sha shida: ba, da, fa, ce. Ka kira folda 100%daidai, saba ba za ta ga daidai ba. Za ta ɗauke %da a matsayin lamba, ta bar idai a gefe. Lambar nan kuwa, a tsarin da ake amfani da shi yau, ita ce rabin farko na wasu haruffan Larabci, ciki har da fa mai ɗigo a ƙasa irin ta rubutun allo. Sai saba ta tsaya jiran rabin harafin ajami da ba zai taɓa zuwa ba. Don % ta shiga a matsayin kanta, dole ita ma a rubuta ta %25. In kuma manhaja biyu suka yi wa adireshi ɗaya wannan hidima a jere, kowacce tana ganin ita ce ta farko, %20 sai ta koma %2520. Duk wanda ya taɓa sauke fayil ya ga sunansa cike da %20 ko %2520, abin da ya faru da shi a hanya ke nan.

Muna fahimtar masu kula da saba in suka tsananta, don sun ga abin da ya fi 404. A yaren folda, ɗigo biyu da sanda, wato ../, na nufin koma baya ɗaki ɗaya. Mai mugun nufi yakan jera su a adireshi don ya fita daga inda aka yarda baƙi su tsaya ya shiga ƙuryar kwamfutar. Saba tana tsare wannan, sai ɓarawon ya sa wa ɗigon ko sandar rigar %, mai gadi bai gane su ba, a ciki kuma a tuɓe musu rigar su yi aikinsu. Tsutsar kwamfuta mai suna Nimda, wadda ta bazu a duniya a watan Satumba na 2001, ta yi amfani da irin wannan ƙofa a manhajar saba ta Microsoft. Bayan shekara 20, a Oktoban 2021, aka sake gano irinta a Apache 2.4.49, inda rubuta ɗigo a matsayin %2e ya isa a wuce mai gadi. Wanda ya kwana gyaran irin wannan ɓarna, in ya ce ba ya son ganin komai a sunan folda sai a zuwa z, ba za mu ce ya yi hauka ba.

To amma a duba jerin masu laifin nan: tazara, #, ?, &, +, %, ɗigo, sanda. Dukkansu 'yan gida ne a ASCII, dukkansu suna kan madannan Turanci tun fil azal. Babu ƙugiya ko ɗaya a cikinsu.

Shi ƙ ba shi da wani aiki a adireshi. Ba ya raba komai, ba ya rufe komai, ba ya umartar saba da komai. Baƙo ne kawai da jadawalin 1963 bai san da zamansa ba. Jadawalin Unicode, wanda ya fara fita a 1991 da nufin bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa, ya ba shi gurbi, U+0199. Ƙ babba tana maƙwabtaka da shi a U+0198. Su ɗ da ɓ ƙanana an ajiye su ne a unguwar alamomin masana furuci, manyansu kuma a wata unguwar daban, abin da ba ya hana su aiki amma yana nuna ta ƙofar da suka shigo. Saura yadda za a zuba waɗannan lambobi a cikin bayit, ƙwayar da kwamfuta ke awo da ita. Wannan Ken Thompson da Rob Pike suka warware a watan Satumba na 1992, a wani gidan abinci a New Jersey, da tsarin da ake kira UTF-8. Hikimarsa ita ce haruffan ASCII su zauna yadda suke, bayit ɗaya-ɗaya, sauran su ɗauki biyu ko uku ko huɗu. Namu biyu-biyu suka samu. A adireshi kowane bayit yana zama % da alamomi biyu, don haka ƙ shi ne %C6%99, ɗ shi ne %C9%97, ɓ shi ne %C9%93, ƴ kuma %C6%B4. Foldar waƙoƙi tana tafiya a kan waya a matsayin wa%C6%99o%C6%99i, harafi 6 sun zama 16, ta isa, saba ta tuɓe mata rigar, ta buɗe foldar da ake nema. Ba kyau a ido, amma babu abin da ya ɓata.

Idon ma ba kasafai yake gani ba. Chrome da Firefox suna nuna ƙ da ƙugiyarsa a saman shafi, sai an kwafa an liƙa ne rigar take bayyana. Wikipedia ta Hausa haka take aiki, taken maƙala da ƙugiyarsa yake shiga adireshi, karan ƙasa ya maye gurbin tazara. Kuma mu nauyinmu kaɗan ne. A adireshin Larabci ko na Rashanci kowane harafi ne ke zama alamomi 6, ba ɗaya a cikin goma ba. A na Amhariyanci da Jafananci 9 ne. 'Yar fuskar dariyar nan ta waya 12 take ci. Duk da haka Wikipedia ta waɗannan harsuna da rubutunsu take sa adireshi, ba su koma rubuta harshensu da baƙaƙen Turanci don a ji daɗin saba ba.

Daga ina tsoron ya zo, to? Yana da tarihi, kuma waɗanda suka ji shi ba ƙarya suka yi ba. An karɓi baƙaƙe masu ƙugiya a rubutun boko a shekarun 1930, bayan an daɗe ana sa ɗigo a ƙasan harafi ko waƙafi a gefensa, kuma tun daga lokacin kowace sabuwar na'ura sai an yi fama da ita: keken rubutu, injin ɗab'i, sannan kwamfuta. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro salon haruffan Rabi'at da Abdalla don a samu rubuta su a kwamfuta, aikin da ya ceci littattafai da kundaye masu yawa. Dabarar wancan zamani ita ce a ari gurbin wata alama a zana ƙugiya a kai. Wasu salon sun ari q da x da v, wasu sun ari su } da ] da ~. A kwamfutar da ke da salon ka ga ƙasa, a wadda ba ta da shi ka ga qasa ko }asa. Sunan folda kuwa ba ya bin salon haruffan da ka zaɓa, don haka a can ƙugiya ba ta da wurin zama ko kaɗan. Mutane suka saba.

Da Unicode ta iso ma ba a huta nan take ba. In wata tsohuwar manhaja ta karɓi bayit biyun nan na ƙ ta karanta su ɗaya-ɗaya da jadawalin Turawan Yamma, sai ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaya ta koma É—aya. Duk mai karanta Hausa a intanet ya taɓa cin karo da wannan. Har yau yana faruwa da sunayen folda, musamman in an ɗaure su a zip da tsohuwar manhaja aka kwance a wata kwamfutar. A nan mahaɗi yana neman waƙoƙi, a kan saba kuma abin da ke zaune wani dodo ne mai Æ. Amma a lura, ciwon a hanya ya same shi, wajen ɗauri da kwancewa. Adireshin bai ƙi shi ba. Maganinsa a tabbatar kowace manhaja a layin da UTF-8 take magana, kuma yau yawancinsu da ita suke tashi.

Abin da ake asara in an datse ƙugiya ba ado ba ne kawai. Fada daban, faɗa daban. Hadari na sama daban, haɗari na hanya daban. Gidan jaridar da ke tara hotuna a foldar hadari zai zuba gajimaren Agusta da motar da ta kife a wuri ɗaya. Wata ƙungiyar marubuta da muka taya tsara taskar rubuce-rubucenta tana da sashen waƙoƙin fada da kuma na labaran faɗa; da aka bi tsohuwar ƙa'ida sai suna ɗaya ya hau kan ɗaya, manhaja ta raba gardama da kiran na biyun fada-2. Mai karatu ya ga fada-2, me zai fahimta?

Wani lokacin ma ba datsewa ake yi ba, haɗiyewa ake yi. Manhajojin wallafa da yawa suna da ɗan injin da ke mayar da take ya zama adireshi. Na Django, wanda da yawanmu ke aiki da shi, in ba a ce masa komai ba yakan warware kowane harafi zuwa gangar jiki da ado, ya riƙe abin da ke cikin ASCII, ya zubar da saura. Ga Faransanci wannan ya yi, domin é tana warwaruwa ta zama e da ɗan karanta, a zubar da karan a riƙe e. Amma a wurin Unicode ƙ ba k ba ne mai ado, harafi ne mai zaman kansa, ba ya warwaruwa. Sai a zubar da shi ɗungurungum. Waƙoƙi ta zama waoi, ɗan ƙasa ya zama an-asa. Akwai zaɓin da ake kunnawa a ce masa ya bar haruffan duniya su wuce, kalma ɗaya ce a cikin umarnin, sai dai dole mai rubuta manhajar ya san harshen da za a zuba a ciki kafin ya tuna da ita.

Mu dai ga inda muka tsaya a aikinmu. Tazara ba ta shiga sunan duk foldar da za ta hau saba, karan ɗori ke tsaya mata. Haka # da ? da % da & da +, ko mai aikin ya roƙa. Baƙaƙe ƙanana muke amfani da su zalla, don Windows tana ɗaukar Hotuna da hotuna abu ɗaya, Linux kuma tana ɗaukar su biyu, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa hotunan shafi su ɓace ranar da aka ɗora shi. Ƙugiya kuwa muna barin ta. Inda muke sassautawa shi ne adireshin da za a karanta a rediyo ko a buga a fosta ko a tura ta saƙon tes. Mai sauraro ba lalle madannansa na da ƙ a kusa ba, saƙon tes kuma ƙ guda ɗaya yana rage masa wuri daga harafi 160 zuwa 70, in kuma an sa rigar % tsawon ya cinye wurin. A irin wannan muna buɗe ƙofa biyu, wakoki da waƙoƙi, ta farkon tana miƙa baƙo ga ta biyun. Haka muke yi in ya zama dole a canja sunan tsohuwar folda, domin mahaɗin da aka tura shekara uku da suka wuce yana nan a wayar wani, kuma ba ya jin labarin an yi gyara.

Akwai ɗaya da ta gagare mu daidaitawa, ita ce waƙafin sama na 'yan da 'ya'ya da sana'a da jami'a. Doka ba ta hana shi shiga adireshi ba. Matsalarsa ita ce shi ba ɗaya ba ne. Akwai miƙaƙƙen da ke kan madannai, lambarsa %27. Akwai lanƙwasasshen da Word da iPhone ke musanya shi da shi ba tare da shawara ba, %E2%80%99. In ya zo a farkon kalma, kamar a 'yan, Word takan ɗauka buɗe zance za ka yi, ta juya shi ɗaya gefen, %E2%80%98. Akwai kuma na huɗu, wanda Unicode ta ware a matsayin harafi ba alamar rubutu ba, %CA%BC, wanda shi ya fi dacewa da aikin da yake yi a Hausa amma kusan ba mai buga shi. A fuskar waya, da ƙaramin rubutu, duk huɗun ɗaya suke. A wurin saba foldoji huɗu ne. Wanda ya buɗe foldar sana'a a kwamfuta da wanda ya rubuta mahaɗinta a iPhone za su rantse abu ɗaya suka rubuta, ga shi kuma 404. Ƙari a kan haka, miƙaƙƙen shi ne alamar da yaren rumbun bayanai ke buɗe zance da rufe shi da ita, don haka manhajar da ba a rubuta da kula ba takan shaƙe in ta haɗiye shi. Mutanen Ireland masu suna irin O'Brien sun daɗe suna shan wannan wahala, Ma'aruf da Sa'adatu sun tarar da su ne a layi.

Rubutun Nijar ya rage rabin matsalar tun da ya zaɓi ƴ a maimakon 'y, harafi ɗaya mai lamba ɗaya, kuma ana ƙara ganinsa a rubutun Najeriya tun da madannan waya suka kawo shi kusa. A foldoji mun koma gare shi, ƴan-makaranta ba ta taɓa ba mu ciwon kai ba. Amma ƴ ba ya taimakon sana'a da ma'aikata da jami'a. Ɗayanmu yana ganin a zubar da waƙafin kawai a rubuta sanaa, tunda ba wata kalmar da za ta rikice da ita. Wata a cikinmu ta ce sanaa babban birnin Yaman ne, ita a sa karan ɗori, sana-a. Na ukunmu ya ce wannan ya yi kama da mai in'ina, a yi amfani da harafin Unicode na gaskiya a kuma koya wa saba ta karkato da sauran ukun zuwa gare shi. Hanyarsa ta fi tsabta, ta kuma fi cin lokaci, kuma ba kowane mai ba da aiki ke biyan wannan lokacin ba. A sabar ƙungiyar marubutan nan, foldar da ta kamata ta zama ta ma'aikata har yanzu sunanta masu-aiki.